Mai Gyaran Keken Ɗinki da Karen Mai Walda

A layin da ke bayan kasuwa, daidai inda kwalta ta ƙare, akwai wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, wanda ko a rufe yake sai ka ji ƙanshin man keke yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar. Nan ne wurin Baba Mai Gyara. Keken ɗinki yake gyarawa, kuma abin da yake yi ke nan tun gashin kansa yana baƙi wuluk. Siririn mutum ne mai ɗan rankwafawa, da tabarau wanda hannunsa ɗaya ya karye ya ɗaure da zare. Idan tela ya kawo masa kan keke ba ya saurin taɓawa. Sai ya ce a juya masa, ya karkata kai yana saurare kamar mai satar jin hirar maƙwabta, can sai ya ce, "Kwarkwaro ne," ko kuwa, "Haƙoran sun cinye," ya miƙa hannu ya ɗauko sukudireba ba tare da ya dubi inda take ba.

Da can layin cike yake da teloli, tun safe har yamma ba ka jin komai sai ƙarar feda. Sannu a hankali kayan kanti suka cika kasuwa, tsofaffin telolin wasu suka mutu, wasu ido ya hana su, samarin kuma suka koma keken lantarki, wanda in ya lalace wurin wani suke kaiwa. Aka bar shi da 'yan tsirarun da suka ƙi rabuwa da tsohon kekensu.

Ba mai yawan magana ba ne tun asali. Matarsa ce bakin gidan. Ita ke gaishe da maƙwabta a madadinsa, ita ke sanin wanda ya haihu da wanda ya kwanta asibiti, in ya dawo da yamma ta zuba masa labarin unguwa tare da abinci, shi nasa "uhm" ne da "ikon Allah." Da ta rasu ne ya gane mutanen da yake zaton nasa ne, ashe nata ne. Suka zo gaisuwa, suka tafi, ƙafa ta ɗauke. 'Yarsu ɗaya tilo malamar makaranta ce, tana aure a wani gari mai nisa. Ya saki ɗakuna biyun da suka zauna a ciki, ya kama ɗaya a wani gidan haya, can ƙurya kusa da famfo. 'Yar takan kira shi a ƙarshen mako.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Jikin fa?"

"Lafiya lau."

Daga nan sai ta ce yara suna gaishe shi, ya ce yana amsawa.

Mutum ɗaya ya rage masa, shi ne mai walda da shagonsa ke jikin nasa. Ƙato ne mai tumbi da babbar murya, in yana dariya har ƙarafan da ya jingina a bango sai sun amsa. Shi yake kiran Baba Mai Gyara "Injiniya," shi kuma yana ce masa "Mai Wuta." Da hantsi sukan zauna a benci ɗaya su sha shayi, mai walda yana zuba, Baba yana gyaɗa kai. Shekaru suka yi a haka, kuma ba wanda ya taɓa shiga ɗakin wani.

Mai walda yana da kare. Tun yana ɗan kwikwiyo ya tsince shi cikin tarin ƙarafa, ya raine shi a gindin injin walda, har wuta ta yi masa 'yan ɗige-ɗige a gadon baya inda gashi bai sake fitowa ba. Shi ya sa ake ce masa Tartsatsi. Ja ne, mai faffaɗan kunnuwa da suka zubo, ba ya haushi sai da dalili. Baba Mai Gyara ba ya son kare, bai kuma ɓoye ba. In Tartsatsi ya matso kusa da benci sai ya janye ƙafa ya ce, "Kauce."

"Haba Injiniya," in ji mai walda, "gaishe ka fa yake yi. Yau mutum nawa suka gaishe ka a layin nan?"

Wata safiya mai walda ya sunkuya zai ɗauki ƙarfe, bai miƙe ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. 'Ya'yansa suka zo da mota suka kai shi asibiti, daga can babban ya wuce da shi garin da yake aiki. Ba a jima ba aka zo aka kwashe injin da ƙarafan, aka yi wa shagon fenti, wani mai sayar da kayan waya ya shiga da lasifikarsa. Cikin masu kwasar kayan ba wanda ya tambayi kare.

Tartsatsi ya ci gaba da kwanciya a bakin shagon, yana ɗaga kai duk motar da ta tsaya. Mai kayan waya ya kore shi da tsawa, bai tafi ba. Ya kore shi da dutse, ya dawo. Ranar da ya watsa masa ruwan shara sai ya tashi, ya girgije, ya tako a hankali ya shige ƙarƙashin bencin Baba Mai Gyara.

"Ni ba ubangidanka ba ne," in ji Baba. "Ka ji ko?"

Karen ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Baba ya ƙarasa shayinsa shi kaɗai, sauran burodin da a da mai walda ke cinyewa ya jefa ƙarƙashin bencin ba tare da ya duba ba. Da yamma da ya rufe shago, ya ji taku a bayansa har gida. Karen ya samu wani lungu tsakanin bangon ɗakin da magudanar famfo ya kwanta. Wurin ba ya bushewa ko da rani, amma nan ne kaɗai ba mai korarsa.

Da ruwan sama ya kankama sai susa ta fara. Da fari Baba bai kula ba, ai kowane kare yana susa. Amma wannan ba ta tsayawa. Zai ga Tartsatsi ya zauna yana kartar wuya da ƙafar baya har benci yana rawa, ya bari ya koma lasar tafin ƙafa, yana cusa haƙori tsakanin yatsu kamar akwai ƙaya. Gashin wuyansa da na hammata ya fara zuba. Fatar ta yi ja, daga baya ta yi baƙi ta yi kauri, ta tattare kamar ta giwa, tana ƙyalli da wani irin maiƙo. Kunnuwan suka cika da baƙin datti, yana ta kaɗa kai. Sai kuma warin. Wari ne kamar na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti, a haɗa da kwaɓin fulawar da ya kwana ya yi tsami. Ya kama bencin, ya kama labulen shagon, har ya danne ƙanshin man keke.

Teloli suka fara tsayawa daga waje, su miƙa kan keke da hannu ɗaya, ɗayan yana kan hanci. Wata ma ta zo ta juya da kekenta.

Akwai wata mai sayar da gawayi a tsallaken layin, dattijuwa ce mai baki, wadda ba ta ganin abu ta ƙyale. Ta tsallako ta leƙa ƙarƙashin bencin, ta ja da baya.

"Maƙwabci, wannan ai ƙazwa ce. Ka samu baƙin mai wurin makanikai ka shafe shi tas. Haka ake yi, ko jaki ne sai ya warke."

Bai san wani abin ba, sai ya bi maganarta. Ya samo man a gwangwani, ya naɗa tsumma a kan sanda, ya shafa masa a wuya da ciki. Karen ya tsaya na ɗan lokaci, sai ya saki wani kuka siriri, ya faɗi yana birgima cikin ƙasa, yana lasar man, can kuma ya fara amai. Baba ya yar da sandar. Bai san lokacin da ya durƙusa ya kama shi da hannu biyu ba, yana zuba ruwa yana dirza sabulun wanki, yana cewa, "Tsaya, tsaya, ni ne." Ranar ce ya fara taɓa shi. Karen bai cije shi ba, bai ko yi gurnani ba, rawar jiki kawai yake yi yana kallonsa. Kallon ya fi cizo zafi.

Washegari fatar ta ƙara kumbura. Da ya koma gida kuma ya tarar da matar mai gidan hayar tana jiransa a bakin famfo, hannu a ƙugu.

"Baba, ni ina ganin girmanka, amma gidan nan akwai yara. Nan muke ɗibar ruwa, nan muke wanke-wanke. Wannan abin ba zai sake kwana mana a nan ba."

Ya ce ya ji. Bai iya musu ba, don gaskiyarta ce.

Mai gawayi ce ta gaya masa akwai asibitin dabbobi can bayan tashar mota. Kunya ce ta kama ta, shi ya sa ta zazzage gawayin da ke baronta ta shimfiɗa buhu a ciki ta turo masa, don ba mai abin hawan da zai yarda ya ɗauki karen. Baba ya ciccibi Tartsatsi ya sa a ciki ya kama turawa.

"Kai duniya!" in ji ta, tana tafa hannu. "Yau kare ne mai mota, Maƙwabci ne direba. A sauka lafiya, ranka ya daɗe!"

Mutane suna kallonsa a hanya, wasu suna dariya. Ya sunkuyar da kai ya yi ta turawa, yana tsayawa yana hutar da bayansa.

A asibitin ya zauna a ƙarshen benci, nesa da wani mai akuya da wata mata mai kyanwa a kwando. Duk suka matsa. Da layi ya zo kansa, likitar ta fito da kanta. Matashiya ce mai fara'a, ta sa safar hannu ta tsuguna gaban karen ba ta ko yamutsa fuska ba.

"Baba, karenka ne?"

"Ba nawa ba ne."

"To na wa?"

"Mai shi ba ya nan."

Ta ɗago ta dube shi, ba ta ƙara tambaya ba. Ta buɗe kunnuwan, ta raba yatsun ƙafa, ta shafa fatar wuyan ta murza maiƙon a yatsa.

"Me aka shafa masa?"

Ya gaya mata. Ta girgiza kai. "Kar a sake, Baba. Baƙin mai guba ne, yana ƙona fata, in ya lasa kuma ya shiga ciki. Allah ne ya sa ka wanke da wuri."

Ta ɗan kankare fatar ta ajiye a wani ɗan gilashi. Ta yanko salatif ta manna a wuyan karen da tsakanin yatsunsa, ta ɓare, ta ɗiga masa wani ruwa shuɗi, ta sa a ƙarƙashin madubin likita. Bayan ta duba sai ta yafuto shi. Ya cire tabarau ya kanga ido ɗaya. Da fari bai ga komai ba sai haske, can sai ga su birjik, wasu 'yan abubuwa shuɗi-shuɗi masu siffar gyaɗa da ɓawonta.

"Duk wannan a jikinsa suke?"

"A ɗan wurin da salatif ya taɓa kawai. Ba ƙazwa ba ce, na duba ban ga ƙwarinta ba. Waɗannan dangin yis ne, irin wanda ake sa wa burodi ya tashi, sai dai wannan na fata ne. 'Yan'uwan abin da ke kawo wa mutum ƙyasbi ne."

Baba ya ɗago da sauri. "Ashe burodin da nake ba shi ne?"

Ta yi dariya har da riƙe tebur. "A'a wallahi, burodinka ba shi da laifi. Kowane kare yana da su kaɗan a jiki, ba sa yin komai. Amma in fata ta samu danshi da ɗumi, ko ƙuma ta dame shi, ko jikinsa bai jitu da wani abu ba, sai su yi yawa su mamaye. A ina yake kwana?"

Da ya gaya mata, ta ce to daga yau a raba shi da wurin. Ta jera masa magani a kan tebur. Akwai sabulun ruwa mai kashe su, a yi masa wanka da shi sau biyu a mako, a cuɗa har fata, a bar kumfar a jikinsa minti goma kafin a ɗauraye. Akwai na ɗigawa a kunne. Akwai ƙwaya, a ba shi tare da abinci, kar a ba shi cikinsa wayam. In ya ga yana amai, ko ya ƙi abinci, ko idonsa ya yi ɗorawa, ya tsayar da ƙwayar ya dawo nan take, don takan taɓa hanta. Ta ɗiga masa maganin ƙuma a ƙeya. Ta ce bayan wanka a tsane shi sosai, musamman hammata da tsakanin yatsu, shi ma ya wanke hannunsa.

"Abu ɗaya nake roƙonka. Warin zai tafi tun kafin cutar ta tafi. Kar ka tsaya don ka ga sauƙi, sai na sake dubawa na ce ya isa. Wa zai riƙa taya ka riƙe shi?"

"Ni kaɗai ne."

Ta sa masa maganin a leda.

Ya mayar da Tartsatsi shago. Ya samo katakon da ake ɗora kaya ya ajiye a kusurwa don ya ɗaga daga ƙasa, ya shimfiɗa buhu, ya zuba ƙyallayen da teloli ke bari na gwada ɗinki. A bayan shagon akwai ɗan fili da aka yi wa siminti, nan ya zama wurin wanka. Ya ware wata tsohuwar riga da wando don wannan aikin kaɗai.

Wankan farko kokawa aka yi. Yana gama cuɗa kumfar karen ya girgije, ta cika masa ido da baki, ya fizge zai gudu. Baba ya cafko shi ya matse tsakanin gwiwoyinsa, yana haki, yana duban agogon hannunsa. Bai taɓa sanin minti goma yana da tsawo haka ba. Da ya rasa yadda zai yi sai ya ce, "Haba, me ya yi zafi? Ruwa ne fa." Karen ya ɗan lafa, ya juyo da kunne. Baba ya yi shiru, sai karen ya sake fizga. Ya gane ke nan murya yake so.

To me zai ce? Ya fara ba shi labarin keken da ke kan tebur, yadda mai shi ta bar zare ya naɗe a ciki har ya toshe. Muryarsa ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. A wanka na gaba ya ba shi labarin wanda ya koya masa aiki, wani masifaffen tsoho da ke dukan hannu da filaya. Daga baya, ba tare da ya shirya ba, ya tsinci kansa yana maganar matarsa: yadda take sa gishiri ya yi yawa ta ce harshensa ne, yadda a kwanakinta na ƙarshe ta ce ya riƙa fita cikin mutane kar ya zama kujera. Ya faɗi wannan yana dariya, sai dariyar ta maƙale. Ya tsaya yana kallon kumfa tana gangarowa kan siminti, lokacin ɗauraya ya wuce bai sani ba.

Mai gawayi ta leƙo ta saman katanga. "Maƙwabci, da wa kake hira? Na zaci baƙi ka yi."

"Aikin likita ne," ya ce, ya jawo bokiti.

Ƙwayar ma sai da aka sha fama. Ya cusa ta cikin kifi, karen ya cinye kifin tas ya ajiye masa ƙwayar a gabansa, fara sol. Sai da ya koyi matse ta cikin ɗan burodi mai mai, ya jefa masa wani a bayansa da sauri don kar ya tsaya bincike.

A hankali susar ta ragu. Warin ya tafi. Ɗan gashi mai laushi ya fara tsirowa a wuya. Teloli suka koma shigowa ciki.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Baba. Ya rufe shago da rana tsaka, ya bar wa mai gawayi mabuɗi don ta riƙa ba karen abinci, ya lallaɓa ya koma ɗakinsa. Kwanaki ya yi a kwance. Ta jikin ƙofa yana jin mata suna ɗibar ruwa, ana wanke kwanuka, ana yi wa yara faɗa, ana dariya. Ƙofarsa ba ta da nisa da famfon, amma ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ba mugunta ba ce, sun saba ne da ganinta a rufe. Da 'yarsa ta kira ya gyara murya ya ce lafiya lau. Ruwan sha ma da rarrafe ya riƙa zuwa randa ya ɗiba.

Ranar da ya iya fita, tun daga bakin layi ya hango Tartsatsi ya taso da gudu, yana kaɗa jela har ƙugunsa yana karkacewa. Bai kai gare shi ba Baba ya ji warin. Mai gawayi ta ciyar da shi, amma wanka da ƙwaya ta ce wannan kam sai mai shi.

Likitar ta duba ta ce cutar ta dawo, sai an sake daga farko. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta lura da yadda rigar ta yi masa yawa.

"Baba, kai ma ka yi ciwo ne? Wa ya kula da kai?"

"Na warke," ya ce.

A makon ya kwashe katifarsa da akwatinsa da risho ya kawo shago. Ya rataya labule ya raba wurin biyu, gaba na aiki, baya na kwana. Matar mai gidan hayar ta ce Allah ya sa hakan ya fi alheri, ta karɓi mabuɗinta.

Da fatar ta fara kyau a karo na biyu, sai ya ji yana son mai walda ya sani. Ya nemo lambar babban ɗansa ya kira. Aka gaisa.

"Ka gaya wa Mai Wuta, Injiniya ne. Ka ce masa Tartsatsi yana wurina, ya yi ciwo amma ya samu sauƙi."

"Wane ne Tartsatsi, Baba?"

"Karensa."

"Au, yana da kare?" in ji ɗan. "Baba, gaskiya yanzu ko mu ba ya gane mu sosai. Amma bari in sa masa wayar a kunne."

Baba ya ji ana motsi, sai numfashi mai nauyi. Ya ce, "Mai Wuta, ni ne." Ya jira. Ya ce, "Karenka ya yi gashi." Numfashin ya ci gaba da fita yadda yake. Can ɗan ya karɓa ya yi godiya, ya ce a ci gaba da addu'a. Baba ya ajiye wayar a kan tebur, ya zauna har shayinsa ya huce bai sha ba.

'Yarsa ta zo da hutun makaranta ba tare da ta sanar ba. Ta je gidan hayar aka ce ai ya tashi. Da ta iso shagon ta ɗaga labulen ta ga katifa a ƙasa, ga risho, ga kare a kusurwa, sai ta zauna a kan akwati ta rufe fuska da gyale.

"Baba, mutane su ce ba ka da kowa? Mun gyara maka ɗaki. Baban yara ne ma ya ce in zo in taho da kai."

"Allah ya yi masa albarka."

"To ka haɗa kaya."

"Maganin bai ƙare ba. Likita ta ce sai ta sake dubawa."

"Maganin wa? Kare?" Ta dube shi. "Baba, a bene muke, ba inda za a sa kare. A ba wani mana."

"Wa zai karɓa? Likita ta ce irin wannan cutar takan dawo in damina ta shiga. Sai wanda ya san kanta."

"Saboda kare za ka ƙi mu?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Ban ƙi ku ba. Ke kina makaranta, shi yana wurin aiki, yara suna aji. In na tashi da safe a benen nan, me zan yi?"

Ta share ido ta tashi ta kama shara. Kwana biyun da ta yi, a wurin wata ƙawarta take kwana, da safe ta zo. Ta wanke masa kaya, ta zauna a kan wani keken da ya gama gyarawa ta ɗinka masa zanin gado da sabon labule. Ba ta taɓa karen ba, shi ma bai matsa mata ba. Amma ranar da za ta tafi ta tsallaka wurin mai gawayi, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, ta ba ta lambar wayarta.

Ya raka ta tasha, yana riƙe da jakarta duk da ta hana. Da motar ta cika ta leƙo ta taga.

"Baba, in ba ka da lafiya ka ce ba ka da lafiya. Ka ji?"

"Na ji."

"Ba ka ji ba."

Ya yi murmushi. Motar ta tashi, ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya juyo. Bai bi gajeriyar hanya ba, ya zagaya ta cikin kasuwa yana tafiya a hankali, yana kallon mutane suna ciniki, ba wanda ya san shi.

Bayan wasu makonni likitar ta manna salatif ta duba, ta ce yanzu kam ya isa, a tsayar da ƙwaya, sai wanka jefi-jefi da lura da kunne. Ya tsaya a bakin ƙofarta da igiyar karen a hannu, kamar akwai sauran magana. Ta ce, "Shi ke nan, Baba, kun gama." Ya ce to, ya gode. Ta riga ta juya wurin wani mai tunkiya.

Wannan karon da ƙafa suka dawo, karen yana gaba yana jan sa. Layin ba kowa sai lasifikar mai kayan waya tana ta yi ita kaɗai, mai gawayi ma ta tafi sarin gawayi. Ya buɗe shagon, ya zuba wa Tartsatsi ruwa a kwano, ya jawo benci bakin ƙofa ya zauna, ko wani zai kawo aiki kafin yamma.